Haƙoran Mataji a Hoton Bidiyo: Matsalar Saƙar Layuka Wajen Juya Tsofaffin Kaset-kaset Zuwa Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Wani kaso mai yawa na abin da aka adana game da harshen Hausa da adabinsa na baka a ƙarshen ƙarni na 20 yana kwance ne a kan kaset-kaset na bidiyo. Akwai waɗanda gidajen talabijin suka ɗauka, galibi a kan U-matic da Betacam, musamman bayan kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, wato NTA, a 1977. Akwai finafinan Hausa na farko-farko da suka fita a kan VHS, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a 1990. Akwai kuma abin da malamai da ɗalibai suka ɗauko da hannunsu a fagen bincike, kamar makaɗa a bakin sana'arsu, da masu tatsuniya, da hirarraki da dattawan da galibinsu sun kwanta dama. Zaren kaset ba ya jure zafi da laima, sannan kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage yana ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Saboda haka juya waɗannan kaset-kaset zuwa kwamfuta ya zama tilas, kuma da yawa daga cikinsu sau ɗaya tak za su sami wannan dama.

Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya ci karo da wani abu mai tayar da hankali. Da zarar an buɗe hoton a kwamfuta, sai a ga gefen duk abin da ke motsi ya tsattsage ya zama ƙananan layuka a kwance, wannan ya fito wancan ya shige, tamkar haƙoran mataji. Bango da tabarma suna nan lafiya lau, amma hannun makaɗi da bakin mai magana sun yayyage. Abin da kan fara zuwa a rai shi ne kaset ɗin ya lalace, ko kuwa na'urar juyin ce ba ta da kyau, sai a shiga neman hanyar goge su. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa waɗannan haƙora alama ce ta tazarar lokaci da ke cikin hoton tun ranar da aka ɗauke shi, kuma yawancin hanyoyin da ake bi a kawar da su suna zubar da rabin abin da mai nazarin harshe ya fi bukata.

2.0 Yadda talabijin yake zana hoto

Akwatin talabijin irin na da, mai ƙeya, ba ya nuna hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Wani tsinin haske ne yake gudu a bayan gilashin daga hagu zuwa dama, yana zana layi bayan layi tun daga sama har ƙasa, kuma kowane layi yakan dushe jim kaɗan bayan an zana shi. A tsarin PAL, wanda Nijeriya ta yi amfani da shi, kowane hoto yana da layi 625, daga cikinsu 576 ne ake ƙirgawa a matsayin masu ɗauke da abin kallo, kuma ana aika hoto 25 a cikin sakan ɗaya.

To, hoto 25 a sakan ya isa ya nuna motsi, amma bai isa ya hana gilashin yin ƙyaf-ƙyaf a ido ba. Aika cikakken hoto 50 kuwa yana bukatar ninkin faɗin zangon da tasha take watsa shiri a kai. Dabarar da injiniyoyi suka tsaya a kanta a shekarun 1930, wadda BBC ta yi aiki da ita tun 1936, ita ce a raba layukan kashi biyu. Da farko a zana layi na 1 da na 3 da na 5 har ƙasa, sannan tsinin hasken ya koma sama ya zana na 2 da na 4 da na 6 a cikin giɓin da aka bari. Wannan shi ake nufi da saƙar layuka a wannan takarda. Kowane kashi za a kira shi ɓari, su biyun a haɗe kuma guda, kamar yadda ake cewa gudan goro da ɓarin goro. Ɓari ɗaya yana da layi 288 na abin kallo, kuma ɓari 50 ake aikawa a sakan.

Sai dai akwai inda kwatancen goro ya gaza, kuma nan ne tushen maganar baki ɗaya. Ɓarin goro biyu daga guda ɗaya suka fito, idan an mayar da su sai su haɗu cif. Ita kuwa kyamarar bidiyo ba hoto ɗaya ta ɗauka ta raba biyu ba. Takan ɗauki ɓarin farko, bayan kashi ɗaya bisa 50 na sakan, wato milisakan 20, sai ta sake duba abin da ke gabanta ta ɗauki na biyu. Idan makaɗi ya ɗaga hannu a wannan tsakani, ɓarin farko zai nuna hannun a wani wuri, na biyu kuma ya nuna shi a wani wurin daban. A akwatin talabijin ba a taɓa ganin wannan saɓani ba, domin kafin a zana ɓari na biyu na farko ya riga ya dushe. Ashe ke nan abin da mai kallo yake gani shi ne hoto 50 a sakan, kowanne da rabin layuka.

Kaset ɗin da ya fito daga Jamhuriyar Nijar, inda aka yi amfani da tsarin SECAM, yana da wannan adadi na layi 625 da ɓari 50. A wajen launi kawai suka bambanta, shi ya sa sau da yawa yakan fito fari da baƙi a na'urar PAL. Wanda ya zo daga Amurka ko Japan kuwa na tsarin NTSC ne, mai layi 525 da ɓari kusan 60 a sakan.

3.0 Inda haƙoran suke fitowa

Na'urar juyi takan karɓi ɓari biyu ta shigar da layukansu cikin juna, ta ajiye su a matsayin hoto ɗaya mai ɗigo 720 a faɗi da layi 576 a tsaye, bisa ma'aunin da aka amince da shi a duniya tun 1982. Allon kwamfuta kuma yana nuna dukkan layukan lokaci guda, babu wanda yake dushewa. Lokuta biyu ke nan aka ɗora a kan fuska ɗaya. Alal misali, a ɗauka ɗan dambe ya kai hannu da saurin da zai ratsa faɗin allon cikin sakan ɗaya. A tsakanin ɓari da ɓari hannun zai gusa da ɗigo 14 da ɗan ɗoriya, wato 720 a raba da 50, kuma tsawon haƙoran da za a gani a gefensa ke nan. Iya saurin motsi, iya tsawon haƙora.

Ya kamata a bambance wannan da wasu lahani na gaskiya da ake cakuɗa su da shi. Idan aka ga gefen ƙofa ko na ginshiƙi yana rawa alhali babu abin da ya motsa, wannan rashin daidaiton gudun zaren kaset ne, kuma maganinsa na'urar daidaita lokaci da aka fi sani da TBC, wadda ake sakawa tsakanin na'urar bidiyo da kwamfuta. Haka nan 'yan layukan da ke karkacewa a can ƙasan hoto sun samo asali ne daga inda kawunan da ke karanta zaren suke karɓa-karɓa, kuma a talabijin bakin akwatin ne yake ɓoye su. Haƙoran saƙa kuwa ba sa bayyana sai inda motsi yake.

4.0 Abin da ya shafi mai nazarin harshe

Ga mai kallon nishaɗi, bambancin hoto 25 da hoto 50 bai wuce santsin motsi ba. Ga mai nazari kuwa magana ce ta ma'auni, domin a ɗaya tazarar hoto da hoto milisakan 40 ce, a ɗayan kuma 20, alhali gaɓoɓin furuci suna gama ayyukansu da yawa cikin 'yan gomiyoyin milisakan.

A dubi sautin /f/ na Hausa. Sanannen abu ne cewa furucinsa ya bambanta daga karin harshe zuwa wani, har ma daga mutum zuwa mutum. Wani yakan furta shi zuzau baleɓe [ɸ], wani ya rufe leɓɓansa gaba ɗaya ya fito da [p], a Hausar yamma kuma a ji [hw] a kalmomi irin su hwari da hwata. A tsohon kaset da aka ɗauka a kasuwa ko a fagen wasa, inda hayaniya ta rufe murya, sau da yawa ido ne yake raba gardama: shin leɓɓan sun haɗu ko ba su haɗu ba? Idan aka ɗauka rufewar ta ɗauki milisakan 60, za a same ta a ɓari uku. Idan an rage hoton zuwa 25 a sakan, a hoto ɗaya ko biyu kawai za ta bayyana, gwargwadon inda ta faɗo. Da irin wannan ma'auni ba za a iya auna tazarar da ke tsakanin rufewar leɓɓa a baba da rufewarsu a babba, inda baƙin yake da shadda, a fito da wani abin dogaro ba. Haka abin yake ga leɓantawa a kalmomi irin su kwana da gwani, inda ake son a san lokacin da leɓɓa suka fara zagayewa.

Lamarin ya fi tsanani a nazarin maganar hannu ta kurame, wadda Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano ta wallafa a 2000. A can babu murya da za a koma wa, hoton shi ne harshen kacokan, kuma siffar yatsu tana sauyawa a tsakiyar motsi, daidai inda haƙoran suka fi tsawo. Mai nazarin kalangu shi ma yana bukatar ya ga lokacin da sandar kiɗa ta sauka da lokacin da hammata ta matse igiyoyin, domin da wannan matsi ne kalangu yake kwaikwayon karin sautin magana.

Akwai wani abin lura a gefe ga mai daidaita hoto da murya a manhajoji irin su ELAN da Praat. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a sakan, saboda haka idan makirufo yana jikin kyamara, mawaƙin kuma yana nesa da mita 7, muryarsa za ta makara da kimanin milisakan 20, wato ɓari ɗaya cif. Wannan ba laifin kaset ba ne kuma ba laifin kwamfuta ba ne, amma wanda bai san da shi ba zai iya rubuta cewa leɓɓa sun riga murya buɗewa.

5.0 Hanyoyin warware saƙa

Hanya mafi sauƙi ita ce a jefar da ɓari ɗaya, a miƙe wanda ya rage ya cike allon. Haƙora za su ɓace nan take, tare da rabin layuka da rabin lokaci. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Hanya ta biyu ita ce a narkar da ɓarin biyu cikin juna, a ɗauki tsaka-tsakinsu. Ita ce ta fi yaudara, domin hoton yakan fito sumul, sai dai wata 'yar inuwa da ke bin abin da ke motsi. Haɗarinta ga manazarci ya fi na ta farko. Ta farko ta rage shaida ne kawai, ita kuwa wannan tana ƙirƙirar shaidar da babu ita. Idan a ɓarin farko leɓɓa suna rufe, a na biyu kuma sun buɗe, narkakken hoton zai nuna baki mai ɗan buɗewa dishi-dishi, yanayin da mai maganar bai taɓa kasancewa a ciki ba. Mai neman bambance [p] da [ɸ] zai iya kallon wannan ya yanke hukuncin cewa zuzau ne, ya kafa hujja da shi, wani kuma ya ɗauka daga gare shi.

Hanya ta uku ita ce a raba ɓarin, a mai da kowanne cikakken hoto mai zaman kansa ta hanyar cike layukan da babu da ƙiyasi daga na sama da na ƙasansu. Sakamakon shi ne hoto 50 a sakan, kuma wannan ya fi kusa da abin da akwatin talabijin yake nunawa. Aibinta shi ne abubuwan da ba sa motsi sukan yi ɗan tsalle sama da ƙasa, saboda ɓarin biyu sun saɓa da layi ɗaya, kuma ƙananan rubutu sukan rage fitowa. Don gyara wannan ne aka ƙirƙiro hanyoyin da suke duba kowane yanki na hoton: inda babu motsi su ɗauko layin daga ɗaya ɓarin, inda akwai motsi su ƙiyasta. Yadif da bwdif da ke cikin manhajar FFmpeg na wannan rukuni ne, kuma dukkansu ana iya umartar su su fitar da hoto ɗaya daga kowane ɓari maimakon ɗaya daga kowane guda. Wannan umarni shi ne abin da ya kamata a tabbatar an bayar.

Sama da waɗannan akwai QTGMC, wanda ake amfani da shi a AviSynth da VapourSynth. Yana bin sawun motsi a hotuna da dama na gaba da na baya, kuma masu gyaran tsofaffin bidiyo suna fifita shi saboda kyan abin da yake fitarwa. Amma a yadda aka saita shi tun asali, yakan taɓa har layukan da kyamara ta ɗauka da kanta domin ya lallashe hoton, alhali yadif da bwdif suna barin waɗannan yadda suke. Saboda haka wanda zai nuna wa ɗalibai wasan kwaikwayo a aji ya fi dacewa da QTGMC. Wanda zai auna buɗewar baki kuwa gara masa hoto mai ɗan kaushi wanda ya san rabin layukansa na gaskiya ne.

6.0 Kurakuran lokacin juyi

Duk waɗannan hanyoyi aiki ne da za a iya yi a sake, matuƙar akwai kwafin asali da ya riƙe ɓarin biyu yadda suka fito daga kaset. A nan ne ake yin asarar da ba ta dawowa. Da yawa daga ƙananan na'urorin juyi masu araha suna warware saƙar da kansu kafin hoton ya isa kwamfuta, ba tare da sun ba mai aiki zaɓi ba, wasu ma su ƙara masa girma zuwa layi 720 ko 1080. Sashen da ya miƙa kaset-kaset ɗinsa ga mai shago ya karɓi fayiloli masu tsabta, marasa haƙori ko ɗaya a wurin motsi kuma masu hoto 25 a sakan, ya kamata ya yi shakka kafin ya yi godiya. Ganin haƙora a kwafin asali alama ce ta cewa an yi aikin daidai.

Kuskure mafi muni shi ne a sauya tsawon hoton, a rage ko a ƙara yawan layukansa, alhali yana saƙe. Yin haka yana cakuɗa layukan ɓarin biyu, sai ƙananan haƙoran su koma manyan lanƙwasa-lanƙwasa a gefen abu, kuma babu manhajar da za ta iya raba su daga baya yadda suke a da. Sauya faɗi kaɗai ba ya jawo wannan. Matse fayil ma yana da nasa tarko: yawancin tsare-tsaren matsewa suna ba layi biyu maƙwabta launi ɗaya, a hoto mai saƙa kuwa maƙwabtan nan na lokuta biyu ne, sai launin jar hula ya zube inda hular ba ta kai ba tukuna. Tsarin MPEG-2 da H.264 suna iya kiyaye saƙa, amma sai an sanar da su. Faifan VCD, wanda finafinan Hausa da yawa suka koma kansa bayan kaset, ba ya iyawa sam, domin hotonsa ɗigo 352 ne a layi 288, adadin layukan ɓari ɗaya ke nan. Idan kaset da faifan VCD na aiki ɗaya suna hannu, kaset ɗin ya kamata a juya.

Akwai kuma batun jerin ɓari, wato wanne ne ya riga wani a lokaci. Yawancin na'urorin juya PAL suna fara da ɓarin sama, wanda manhajoji suke taƙaitawa da haruffan TFF, tsarin DV kuwa yana fara da na ƙasa, wato BFF. Idan aka faɗa wa manhaja akasin gaskiya, maimakon jerin 1, 2, 3, 4, 5, 6 sai a sami 2, 1, 4, 3, 6, 5, motsi ya riƙa gaba yana komawa baya yana karkarwa. Gwajin ba wuya: a raba ɓarin, a nemi inda wani yake tafiya, a bi hoton ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙafarsa ta taɓa ja da baya, an juya jerin. Wannan yana gyaruwa, amma a lura cewa yanke layi ɗaya ko uku daga saman hoto yana juya jerin shi ma, don haka ba a yanka sai da adadin da ya rabu biyu.

Abin da ke sa mutane gudun ajiye kwafin asali shi ne girmansa. Ba tare da matsewa ba, sa'a ɗaya tana cin kimanin gigabait 75. Tsarin FFV1, wanda gidajen adana kayan tarihi da dama suka runguma, yana rage wannan zuwa wajen rabi ba tare da ya zubar da ɗigo ko ɗaya ba. Tsarin DV yana cin gigabait 13 a sa'a, yana riƙe ɓarin biyu, ko da yake yana zubar da wani abu na launi da ƙananan siffofi. Ko wanne aka zaɓa, daga shi ne za a riƙa fitar da ƙananan kwafi na aiki masu hoto 50, a kuma rubuta a littafin ajiya irin na'urar da aka yi amfani da ita, da jerin ɓarin, da hanyar da aka bi aka warware. Kaset ɗin kansa ba a zubar da shi.

7.0 Abin da aka ɗauka da fim na silima

Ba duk abin da ke kan kaset ne kyamarar bidiyo ta ɗauka ba. Finafinan majigi, da na Indiya da suka cika kasuwannin arewa, da fim irin Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976, da zaren fim na silima aka yi su, mai cikakken hoto 24 a sakan. Idan an mayar da irinsu kan kaset na PAL, ɓarin biyu daga hoto ɗaya suke fitowa, kamar goro na gaskiya, saboda haka haɗa su kawai ake yi, warwarewa ɓarna ce. Wani lokaci akan ga haƙora duk da haka, idan ɓarin ƙarshe na wannan hoto ya haɗu da ɓarin farko na mai bi masa. Maganin wannan shi ne a sake haɗa kowane ɓari da ɗan'uwansa, hoton ya dawo cikakke babu ƙiyasi.

Sai dai domin hoto 24 ya dace da 25, al'adar da aka saba ita ce a ƙara wa fim ɗin gudu da kashi 4 cikin ɗari da ɗan ɗoriya, kuma murya tana bin wannan gudu. Fim na minti 120 yakan ƙare a minti 115 da sakan 12. Kowane wasali ya gajarta da wannan gwargwado, muryar da ke kaɗawa sau 120 a sakan kuma ta koma 125. Dangantakar karin sama da karin ƙasa ba ta sauya ba, tunda duk tare suka hau, amma mai kwatanta tsawon wasali ko kaifin muryar ɗan wasa a irin wannan fim da muryarsa a hirar da aka ɗauka kai tsaye da kyamarar bidiyo, sai ya fara mayar da fim ɗin kan gudunsa na 24 kafin ya ɗora ma'auni.